Lissafin da ke cikin tukunyar gas

(Daga faifan wata lacca da aka yi wa ɗalibai a Bauchi)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla.

Gas ɗin da iyayenku mata ke girki da shi, akwai butan a ciki. Ƙwayarsa kabon 4 ce da haidurojin 10, amma iri biyu ne. A ɗaya kabon ɗin sun jeru kamar carbi. A ɗayan guda na tsakiya, uku sun kewaye shi kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Yadi ɗaya, ɗinki daban. Mai jere yana tafasa a kusan digiri sifili, mai reshe kuwa wajen 12 ƙasa da sifili.

Yaya za a faɗi wannan bambanci da lamba? A 1947 Harry Wiener ya ƙirga takun da ke tsakanin kowane kabon biyu, ya tara. Mu gwada da carbi: 1, 1, 1, 2, 2, 3, goma ke nan. Murhu tara. Ƙaramar lamba, saurin tafasa. Sai dai daga kabon 7 za ka tarar da ƙwayoyi biyu sun yi tarayya a lamba ɗaya.

Ga ma'aunin bayani na Claude Shannon, na 1948. Rufe ido ka ɗauki kabon guda. A carbi, biyu na baki, biyu na ciki, canki-canka ne, bit 1 cif, wato bayanin da amsar e ko a'a ɗaya ke bayarwa. A murhu uku cikin huɗu iri ɗaya ne, sai ya sauka zuwa 0.81.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce dabarar David Matula ta 1968, da lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko kansu: 2, 3, 5, 7. Kabon tilo lambarsa 1. Duk reshe ka duba lambarsa, ka ɗauki mara rabuwa da ke wannan matsayi a jerin, ka ninka su. Murhu, in ka fara daga tsakiya: 2 sau 2 sau 2, takwas. Carbi daga baki: 1, 2, 3, 5. Ba ni 8 kawai, in zana maka ƙwayar, domin hanya ɗaya tak ake warware 8.

Na'am, 'yata? In an fara daga wani kabon? Lallai lambar za ta canza, dole a yi yarjejeniya kan mafari.

Mai kabon 5 iri uku ne. Ku fitar min da lambobin Wiener ɗinsu kafin Litinin.