Idan Aka Ji Harbi a Njamena

Masu kallo, a daren Laraba 8 ga Janairun 2025 an ji ƙarar bindigogi daga wajen fadar shugaban ƙasa a Njamena, babban birnin Chadi, kuma cikin ɗan lokaci sojoji suka datse hanyoyin da ke zuwa fadar, tankokin yaƙi suka fito kan titi. Mutanen wannan birni ba sa jiran sanarwa a irin wannan dare. Mai shago yana jan ƙyaurensa, mai tsire yana yayyafa wa garwashi ruwa, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, yana juya kan babur zuwa unguwa, uwa kuma tana bin 'ya'yanta da waya ɗaya bayan ɗaya har sai ta ji muryar kowa.

Wannan hanzari yana da tushe. A ranakun 2 da 3 ga Fabrairun 2008 'yan tawaye sun shigo har tsakiyar birnin, kuma dubun dubatar mutane sun tsallaka zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu ta gadar Ngeli, wasu a kwalekwale, da tabarmi da tukwane a ka. Wanda ya yi wannan tafiya da ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa bayanin ƙarar bindiga.

Matakan hukuma kusan iri ɗaya ne kowane lokaci. Da aka sanar da rasuwar Shugaba Idriss Déby a ranar 20 ga Afrilun 2021, an rufe iyakokin ƙasa, an kuma sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 5 na asuba. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022 dokar ta sake dawowa. A takarda sa'o'i ne kawai aka ƙayyade, amma ga wanda sai ya fita yake samun na cefane, kamar mai shayi da mai suya waɗanda kasuwarsu ba ta ci sai bayan magariba, dokar ta shiga har cikin tukunyar gidansa, kuma da wuya ka ji an yi lissafin wannan asara.

Abin da ya fi tayar da hankali, a ganina, shi ne shiru. A ƙarshen Fabrairun 2024, lokacin da aka kashe ɗan adawa Yaya Dillo a hedkwatar jam'iyyarsa, an katse intanet. Dalilin da akan bayar a irin wannan hali shi ne daƙile jita-jita, sai dai jita-jita ba ta buƙatar intanet: tana bi ta kan katanga tsakanin maƙwabta, tana ƙara kitse a kowane gida, alhali ɗan'uwan da ke Kusiri ko Marwa ya rasa hanyar sanin ko iyalinsa suna lafiya.

A Janairun 2025 an bi wata hanya dabam. A daren da abin ya faru, ministan harkokin waje kuma kakakin gwamnati na lokacin, Abderaman Koulamallah, ya bayyana a bidiyo ta Facebook, sojoji kewaye da shi, bindiga a ƙugunsa, yana cewa an shawo kan lamarin. Daga baya gwamnati ta ce waɗanda suka kai wa fadar hari su 24 ne, an kashe 18. Mutane da yawa ba su gamsu da bayanin ba, sun yi ta muhawara a kansa, amma washegari da safe motoci da babura sun koma kan titunan birnin.