Gidan Carnarvon: uba ya zana ƙasa, ɗa ya tono Fir'auna

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa Highclere, wani katafaren gida a yankin Hampshire na kudancin Ingila, mazaunin zuriyar Herbert masu riƙe da sarautar Earl na Carnarvon. Earl shi ne mataki na uku a jerin sarautun gado na Birtaniya, kuma tun 1793 wannan take hannunsu. Yanzu na takwas ne a kai.

Idan an ambaci Carnarvon, hankalin mutane kan tafi Masar ne. A ganina an yi wa Earl na huɗu rowar suna. Shi ne sakataren harkokin mulkin mallaka da ya gabatar wa majalisa dokar da ta haɗe Kanada ta zama tarayya a 1867. Da ya dawo kan kujerar a 1874, a zamaninsa aka kafa mulkin mallakar Gold Coast, Gana ta yau, aka liƙa mata Legas. Sai ya so ya maimaita dabarar Kanada a kudancin Afirka, aka mamaye Transvaal a 1877, abin ya zama tushen yaƙi. Mutum ne da sa hannunsa ya taɓa rayuwar al'ummu da yawa.

Ɗansa George, na biyar, ba ruwansa da ofis. Dawaki da gudun mota ne abin sonsa, har hatsari ya raunata shi a Jamus, ya koma gudun sanyin Ingila zuwa Masar. Zaman banza ya kai shi ga tone-tone, ya ɗauki nauyin Howard Carter, masanin haƙo kayan tarihi. Kuɗin fa? Akasari daga matarsa Almina suka fito, wadda attajiri Alfred de Rothschild ya yi wa gara mai tsoka da suka yi aure a 1895. Shekaru suna zuba dukiya a Kwarin Sarakuna, maƙabartar fir'aunonin Masar, har ya kusa janyewa, sai a Nuwamban 1922 aka ci karo da matakalar kabarin Fir'auna Tutankhamun. Misirawan da suka yi haƙar, ba kasafai ake tuna su ba. George bai ci moriyar abin ba: sauro ya cije shi a kunci, aska ta fama wurin, ciwo ya ruru, ya rasu a Alƙahira ranar 5 ga Afrilun 1923. Jaridu suka ce tsinuwar Fir'auna ce, alhali Carter ya rayu har 1939.

Bayansa aka sayar da tarin kayan tarihinsa ga gidan adana kaya na Metropolitan a New York. Dawakin kuwa sun zauna. Jikansa, na bakwai, shi ya kula da dawakin sukuwar Sarauniya Elizabeth daga 1969 har rasuwarsa a 2001, kuma a zamaninsa aka gano ragowar kayan Masar ɓoye cikin kabad a gidan.

Na takwas ya gaji gini mai yoyo. A 2009 an ƙiyasta gyaransa kan fam miliyan 12. Abin da ya taimaka shi ne hayar gidan ga masu shirin talabijin na Downton Abbey daga 2010. Yau baƙi na sayen tikiti su zagaya ɗakuna, su sauka ƙasa su kalli kayan Masar.