Kwana Biyu a Wikki: Hutun Bakin Ruwa a Dajin Yankari

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan ruwan da kuke gani, garai-garai har ana hango farin yashin ƙasansa, shi ne Wikki, a tsakiyar gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, jihar Bauchi. A kan tudun da ke samansa masaukin baƙi yake, kuma yau bayaninsu za mu yi, domin wanda hayaniyar gari ta ishe shi.

Daga Bauchi hanyar Gombe za ku kama, ku karya dama a Dindima, har ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin masauki. Kada ku yi gudu a nan, dabba na iya gittawa.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka maido wa Bauchi abinta a 2006.

To, mu dawo kan ruwan, don shi ne magana. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ba wanda ke hura masa wuta. Ruwa ne da ya nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafin cikinta ya ɗumama shi, ya ɓuɓɓugo daga gindin wancan dutsen. Kimanin lita miliyan 21 yake fitarwa kullum, su gangara kogin Gaji. Shi ya sa ba ya kwanciya balle ya yi gansakuka: wanda ya taɓa jikinka yanzu, an jima ya yi gaba, sabo ya zo. Ku shige shi da sassafe a cikin hunturu, lokacin da ko alwala sai an daure, za ku ji gajiyar wata da watanni tana sauka daga kafaɗa. Sai dai iyaye a kula: wajen bakin dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, ya sha kan babba ma. Yara su tsaya ta ƙasa, inda bai da zurfi.

Masaukin kuwa ɗakuna ne a warwatse ƙarƙashin bishiyoyi, daga masu sauƙin kuɗi zuwa na alfarma. Amma kuna da maƙwabta. Gwaggon biri a nan ba ya tsoron mutum, ya san leda, ya san ƙofar da ba a kulle ba. Ku rufe ɗaki da tagogin mota, kuma don Allah kada ku ba shi abinci, mu ne muke lalata shi da hakan. Mugun dawa ma za ku gan shi yana kiwonsa a tsakar fili.

Zagayen daji da safe ake yi ko da yamma, tare da ɗan rakiya. Lokaci mafi kyau shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro ɓauna da gwanki da gwambaza zuwa bakin Gaji. Giwa fa sai da rabo. Wani ya ga garke guda, wani sawu kawai zai gani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu zuwa da azahar, su ɗauki hoto, su juya kafin magariba. Wallahi ba su ga Wikki ba. Ku yi kwana biyu aƙalla. Bayan sallar isha'i ku sauka matakalar nan, lokacin 'yan yini sun watse. Ba abin da za ku ji sai kukan kwaɗi da gyare, da motsin ruwan yana wucewa zuwa Gaji.