Ɗanyen Kara Wuƙa Yake So, Ba Guduma Ba

Duk wanda ya taɓa zuba ɗanyen karan masara a injin niƙan dusa ya san yadda ake ƙarewa. Inji ya yi ta gurnani, rariya ta toshe, a kashe a koma ƙwaƙula da tsinke. Guduma ce a cikinsa, aikinta farfasa busasshe. Ɗanye kuwa ruwa ya fi yawa a jikinsa, sai wuƙa.

To ku dubi injin datsar kara. Ta bakinsa ake tura kara ko ciyawa. Ƙarafa biyu masu haƙora su cafke su ja ciki. Can akwai faifan ƙarfe mai nauyi ɗauke da wuƙaƙe biyu ko uku, bel yana juya shi da ƙarfin injin fetur, na dizal ko na lantarki. Kowace wuƙa tana giftawa dab da wani ƙarfe da ke tsaye, kamar almakashi, iskar faifan ta watso abin ta bututu. Babu rariya, balle ta toshe.

Ku lura da tsawon datsar: santimita 1 zuwa 2, bai kai gaɓar yatsa ba. Saniya gwanar zaɓe ce. Ka ba ta kara sukutum, ta cinye karmami ta tattake sauran. In an datsa, ba ta da yadda za ta yi.

Amma babban dalilin shi ne ajiya, wato sailej. Datsattsen kara yana dannuwa a rami ko a durom, iska ta fita, kuma iska ce ke kawo ruɓa. Kafin ku zuba, ku dunƙula a hannu. In ruwa ya ɗiga, ku bari ya sha iska tukuna. In ya watse nan take, ya bushe da yawa. Ana son danshi wajen kashi 65 cikin 100: hannu ya jiƙe, ruwa bai zuba ba. A tattake sosai, a rufe da leda, a danne da ƙasa. Bayan mako 3 zuwa 4 za ku ji ƙamshin tsami irin na ƙullun kamu. Ga abincin bazara ya samu, lokacin da harawa ta yi tsada.

Wuƙa in ta dakushe yaga take yi, ta kuma sha mai, don haka a riƙa wasa ta. Sannan don Allah, ba a tsayawa gaban injin nan da babbar riga. In kara ya maƙale, a kashe inji, a jira faifan ya tsaya cak kafin hannu ya shiga.