Amsoshin Tambayoyinku: Taimin bel na kamfani ko na kasuwa?

Jama'a, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko yau daga Agege ta fito, daga wani direba da ke jigilar fasinja tsakanin Legas da Kano da Toyota Sienna ƙirar 2005. Ya ce bakanikensa ya ce lokacin sauya taimin bel ya yi, wato bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita motsin fistan da bawul a cikin inji. Da ya shiga kasuwar Ladipo sai aka ajiye masa guda biyu, ɗaya a kwalin Toyota da tsada, ɗaya na wani kamfani da sauƙi. Wanne zai ɗauka?

To Malam direba, Allah ya tsare hanya. Toyota ba ita ke ƙera bel ɗin da kanta ba, kamfanoni irin su Mitsuboshi ne ke yi mata, ta sa a kwalinta. Saboda haka bel ɗin Mitsuboshi, ko Gates, ko Continental, in dai na gaske ne, ba ka yi asara ba. Abin da nake ji maka tsoro shi ne jabu, kuma kwalin da aka rubuta Toyota shi aka fi kwaikwaya. Ka zaro bel ɗin daga kwali, ka duba lambar da ke bayansa ta fito raɗau, ka bi haƙoransa da yatsa ka ji ko sun daidaita. In kuɗinsa ya yi arha fiye da kima, ajiye musu kayansu.

Injinka V6 ne mai lita 3.3, irin wanda in bel ya tsinke yana tafiya, fistan kan daki bawul ya lanƙwasa su. Ka ga aikin yini ɗaya ya koma sauke kan inji, wataƙila ma da dare, a daji tsakanin Jebba da Mokwa, da fasinja cike da mota.

Toyota ta ce a sauya a mil 90,000, wato kusan kilomita 145,000. Ni dai ba zan jira lambar ta cika ba. Motar tokumbo ba kullum mitarta ke faɗin gaskiya ba, ga gosulon Legas, inji na ta juyawa mita na tsaye, roba kuwa na tsufa da zafi.

Ranar aikin, ka ce wa bakanike ya haɗa da famfon ruwa da tenshina (abin da ke riƙe bel ya yi tsauri) da fuli (ƙananan ƙafafun da bel ke bi ta kansu), tunda duk wuri ɗaya ake buɗewa. Ka tsaya a garejin ka ga an ɗaura da idonka, ka karɓi tsohon bel ɗin, ka rubuta kwanan wata da lambar mita.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Idi-Araba.