Rawar Horopo da filayen kiwo na kogin Orinoko

Ku kasa kunne ku ji wannan dukan ƙasa. Kai ka ce dawaki ne suka taso a sukwane, alhali ƙafafun mutum ɗaya ne. Wannan ita ce Horopo, da ake rubutawa Joropo, rawar makiyayan shanu na Benezuwela da Kolombiya, can Kudancin Amurka.

Mu duba taswira. Ga tsaunukan Andes daga yamma, ga kogin Orinoko daga gabas. Tsakaninsu fili ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa iya ganinka, ana kiransa Yanos. A Benezuwela ya ɗauko jihohin Apure da Barinas da Guwariko, a Kolombiya kuma Arauka da Kasanare da Meta da Bichada. Kogin Arauka da na Meta sun raba ƙasashen biyu a wasu wurare, amma tsallake da tsallake rawar ɗaya ce.

Yanayi biyu ke mulki a nan. Daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba ruwa ake tafkawa, koguna su cika su batse, fili ya koma fadama, makiyayi ya kora garke zuwa tudu, wani wurin ma sai doki ya yi iyo. Da rani kuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage, ƙura ta tashi. Tun da Sifaniyawa suka kawo shanu da dawaki a ƙarni na 16, mutumin Yanos a kan sirdi yake wuni, don mai tafiya a ƙasa ba ya cim ma garke a fili irin wannan.

To, yanzu ku dubi ƙafafun masu rawar. Namiji da mace sun riƙe hannun juna, sun fara da juyi a hankali. Can kiɗa ya ɗau zafi, namijin ya shiga dukan ƙasa da diddige da tafin ƙafa, sak ƙarar kofato. Macen ba ta bugawa. Gajeren taku take yi gaba da baya, tafin ƙafarta na sharar ƙasa, kuma a ganina nata ya fi wuya, sai dai idon 'yan kallo ya fi karkata ga mai hayaniya.

Kayan kiɗan kaɗan ne: arpa, doguwar aba mai tsirkiya talatin da 'yan kai, da ƙaramar jita mai tsirkiya 4 da suke kira kwatro, sai caki biyu. Wani lokaci mawaƙa biyu su kara, wannan ya jefo baiti nan take, wancan ya mayar masa da habaici, har ɗaya ya rasa ta cewa.

Akwai kuma waƙoƙin aiki, na kora garke da na tatsa, inda mai tatsa ke kiran saniya da sunanta har ta natsu. Su ne suka fi shiga haɗari, domin shingen waya ya yanke burtali, motoci kuma sun karɓe jigilar shanu. A 2017 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa su cikin al'adun da ke buƙatar ceto da gaggawa. Rawar kuwa ta samu mafaka a birni. A Biyabisensiyo, babban birnin Meta, tun 1960 ake gasar Horopo, inda dubban masu rawa ke cika titi bibbiyu, har da 'yan makaranta.