Guguwar Milton na tafe: yadda za a kula da uwa mai makoki da aka kawo hutu Filorida

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa. Yau Talata, 8 ga Oktoba 2024, daga Olando nake magana, a jihar Filorida. Ku dubi sama a bayana, lumshi ne kawai, bishiyoyi ma ba sa kaɗawa sosai. Kada wannan ya ruɗi kowa. Mahaukaciyar guguwar Milton tana cikin Tekun Meziko, jiya ta kai mataki na biyar da iska mai gudun mil 180 a awa, wajen kilomita 285 ke nan, kuma hasashe ya nuna za ta sauka a gaɓar yamma, wajajen Tamfa, gobe Laraba da dare.

Wata 'yar'uwa ce ta turo mini saƙo da asuba, kuma don ita na kunna kyamarar nan. Ƙaninta ya rasu watanni kaɗan da suka wuce, shi ne autan mahaifiyarsu. Suka kawo Hajiya daga gida don ta ɗan sarara, suka kama masauki a bakin teku a Clearwater, kusa da Tamfa, suka sayi tikitin wurin wasanni na Disney saboda jikoki. Yanzu hukuma ta ce a tashi, Hajiya kuma ta ce ita babu inda za ta, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Allah ya jiƙan yaron nan, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya dangana. 'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau, sauran jama'a ma da ke da baƙi a gida ku matso.

Maganar zama a bakin teku babu ita. Ƙaramar hukumar Pinellas, wadda Clearwater ke ciki, ta ba da umarnin kwashe mutanen shiyyar A da B da C, kuma bakin ruwan da kuke yana shiyyar A ne, wadda ruwa ke fara ci. Abin da ya fi kashe mutane a irin wannan guguwa ba iska ba ce, ruwa ne. Iskar tana tura teku ya hau tudu, kuma a wannan karon ana maganar ƙafa 10 zuwa 15 a yankin Tamfa, wato mita uku zuwa huɗu da rabi, ya shanye ɗakin ƙasa gaba ɗaya. Ga kuma tarkacen da guguwar Helene ta bari tun 26 ga Satumba, katifu da firij da katako a jibge bakin titi, duk iska za ta ɗauke su ta riƙa jifa da su. Da zarar iska ta yi ƙarfi, motar asibiti da 'yan kwana-kwana ba sa fitowa, ko kin kira 911 sai an lafa. Yau za ku fita, da rana, ba gobe ba.

To yaya za a fitar da uwar da ta ce ba za ta tashi ba? Nan ne aikin yake. Mutumin da ya binne ɗansa kwanan nan ba ya barci yadda ya kamata, yana mantuwa, kuma yanke shawara ko ƙarama ce tana yi masa nauyi. Idan kika tsaya kina tambayarta, "Mama, mu tafi Olando ko mu nemi jirgi ko mu jira?", kin ɗora mata kaya uku a ka. Ki ɗauke mata shawarar gaba ɗaya. Ki shirya komai, ki loda mota, sannan ki zo ki durƙusa kusa da ita ki ce, "Mama, mun samu ɗaki a cikin gari, ƙarfe ɗaya za mu tashi. Ki riƙe mini yaran nan a baya, ba za su natsu ba sai da ke." Kin ba ta aiki, kuma aikin gaske ne. Kada ki shiga gardamar ƙaddara da ita, ba a cin wannan muhawarar da mai makoki, kuma ba ta yi ƙarya ba. Kada ki riƙa nuna mata bidiyon gidajen da ruwa ya ci don ki tsorata ta. Idan ta kafe, ki kira wanda take jin nauyinsa, Alhaji ko yayanta ko malaminta, ki bayyana masa a taƙaice, shi ya ce mata ta bi ku.

Akwai kuma maganar da ba a so a faɗa, amma dole in faɗa. Idan kika ji ta ce gara ma ruwan ya tafi da ita ta huta, ko ta ce ba ta ga amfanin rayuwarta ba, kada ki ɗauke shi zancen baki. Kada a bar ta ita kaɗai, ko a ɗaki ko a baranda. Magungunanta su koma hannunki, ke za ki riƙa ba ta a kan lokaci. A nan Amurka akwai lambar 988 ta agaji ga masu tsananin damuwa ko tunanin kashe kai, dare da rana, kyauta, ke ma za ki iya kira ki nemi shawara a madadinta.

Yanzu kayan da za a fara ɗauka. Kun ga wannan ledar mai zif, irin ta ajiye nama a firiza? Ku samu manya guda biyu ko uku. Ta farko ta fasfo, da takardar I-94 da ke nuna ranar da izinin zamanta zai ƙare, da tikitin jirgi, da takardun likita. Ta biyu ta kayan marigayi. Na san da wuya uwa ta yi tafiya irin wannan babu wani abu nasa a jakarta: hoto, hula, carbi, agogo, ko wayarsa. Ki tambaye ta a hankali, ki sa su a leda, ki zuge, ki miƙa mata ta riƙe da kanta. Kada su shiga but ɗin mota tare da akwatuna. Sannan, tun akwai intanet, ki buɗe WhatsApp ɗinta ki nemo saƙonnin muryarsa, ki tura su zuwa wayarki da imel ɗinki, ki kuma adana hirar a Google Drive ko iCloud. Waya takan jiƙe, takan faɗi, takan ɓace a irin wannan rububi. Fasfo ana sake yin wani, muryar yaron nan ba a sakewa. Minti goma ya isa wannan aikin.

Magani kuwa, a ƙirga na sati biyu aƙalla, musamman na hawan jini da na suga. Idan tana allurar insulin, ku sani ba ta lalacewa nan take don wuta ta ɗauke: kwalba ko alƙalami yana iya kai kwana 28 a zafin ɗaki, muddin bai wuce digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ba. A raba shi da rana, kada kuma a ɗora shi kai tsaye kan ƙanƙara, domin idan ya daskare ya lalace. Idan likita ya rubuta mata maganin barci, kada a ƙara yawansa daren guguwa don a ce ta samu ta runtsa. Ana bukatar ta iya farkawa ta taka da ƙafarta idan an ce a koma banɗaki a fake.

Hanya. Daga Tamfa zuwa Olando ta babban titin I-4 kamar awa ɗaya da rabi ne a ranar da babu komai, amma tun jiya titin a cike yake, ku sa ran ninki biyu ko fiye. Gidajen mai da yawa sun ƙare, saboda haka duk inda kuka ga ana sayarwa ku cika tanki ko da rabi ne ya rage. Ba sai kun yi tafiya mai nisa ba. Abin da ake so shi ne ku bar inda teku ke kaiwa ku shiga gini mai ƙarfi. Idan ba a samu otal ba, ƙananan hukumomi sun buɗe matsugunai a makarantu, kyauta ne, amma ku tafi da bargo da filo da abincinku, wuri kawai ake bayarwa.

Idan otal kuka samu, ku yi wa mai karɓar baƙi tambaya tun kafin ku biya. Akwai janareta? Me yake kunnawa, ɗakuna ko fitilun baranda kawai? Za a kashe lif? Za a bar mu mu ƙara kwana idan jirage ba su dawo ba? Ku nemi hawa na biyu ko na uku. Ƙasa ruwa na iya shiga, domin Olando ma ba ta tsira ba, a 2022 guguwar Ian ta zubar da ruwa fiye da inci 12 a nan, unguwanni suka nutse. Sama sosai kuma iska ta fi ƙarfi, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da matakala cikin duhu.

Ga abin da na jera a kan teburin nan. Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, kusan lita huɗu. Ku biyar na kwana uku galan 15 ke nan, kuma hukumomin jihar nan sun fi son a tanadi na kwana bakwai. Ku cika bahon wanka da ruwan famfo don alwala da kora masai, ku ajiye buta a gefe, ku rufe ƙofar saboda yara. Abinci wanda ba ya neman wuta: burodi, sardin, dabino, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, madarar gari, ayaba. Gobe da rana, tun wuta na nan, ki dama wa Hajiya kunu ko ki haɗa shayi ki zuba a filas. Mai baƙin ciki ba ya son tauna, amma yakan kurɓi abu mai ɗumi. Tocila ɗaya ga kowa, ban da kyandir. Fawa banki mai ƙarfin mAh 20,000 yana cika waya sau uku zuwa huɗu. Kuɗi a hannu, dala 200 ko 300 ƙananan takardu, domin babu wuta babu na'urar kati. Idan wutar ta tafi, firij a rufe yana riƙe sanyi awa huɗu, firiza cikakkiya awa 48. Masu janareta a gidan haya, waje za a ajiye shi, ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutane. Kuma kada wanda ya ɓata lokaci yana manna salatif a gilashin taga, ba ya hana shi fashewa.

Daren kansa shi ne zai fi yi mata wuya. Duhu, kukan iska, zaman jiran abin da ba a san ƙarshensa ba, duk suna iya mayar da ita daren asibiti ko daren da aka kira ta. Ki faɗa mata tun da rana abin da za ta ji: wayoyi za su yi wata ƙara mai tsanani gaba ɗaya, gargaɗin hukuma ne, ba wani ne ya mutu ba. Idan gargaɗin na guguwa mai murɗawa ne, irin wadda ke fitowa daga gefen babbar tun kafin ta iso, ku shige banɗaki ko lungun da babu taga, ku zauna ƙasa da filo a ka. Ku ja katifarta nesa da taga tun da wuri. Wani ya kwana kusa da ita. Idan ta yi kuka a bar ta ta yi, idan ta kira sunansa ku amsa mata da labarinsa, kada a riƙa toshe ta da "ki yi haƙuri" kowane minti. Ki rubuta mata lokutan salla a takarda, ki nuna mata alƙibla tun da haske, a nan arewa maso gabas take. Idan iska ta tsaya cak tsakar dare, kada kowa ya fita, mai yiwuwa tsakiyar guguwar ce ke wucewa, sauran rabin na biye.

Mutanen gida su ma a tsara su. Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa biyar, ƙarfe goman darenmu ƙarfe ukun darensu ne. Za su ga hotuna a Facebook su yi ta kira suna kuka, batir ya ƙare, hankalin Hajiya ya ƙara tashi. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida, shi kaɗai za a riƙa tura wa gajeren saƙo, shi ya isar wa dangi. Ku gaya masa idan ya ji shiru, layi ne ya faɗi.

Batun kuɗin hutu ba na gaggawa ba ne, amma ga shi a gurguje. Filin jirgin Tamfa ya rufe yau ƙarfe tara na safe, na Olando zai tsaya gobe ƙarfe takwas na safe. Kada ku soke tikiti da kanku. Idan kamfani ne ya soke, kuka kuma ƙi karɓar wani jirgin, dokar Amurka ta ba ku damar a mayar muku da kuɗinku. Disney za su rufe wuraren wasansu gobe da rana, kuma suna da tsarin sauya rana ko sokewa idan an yi gargaɗin guguwa, ga wanda ya kama ɗaki kai tsaye a wurinsu. Wanda ya saya ta hannun dillali, dillalin zai nema. Inshorar tafiya da aka saya bayan an raɗa wa guguwa suna ba ta biyan asararta. Motar haya, ku kira ku ƙara kwana tun yau. Ku duba ranar da ke kan I-94, ita ce ke ƙirga zamanta ba ranar da ke jikin biza ba, ku kuma ajiye saƙon soke jirgin a matsayin shaida.

Bayan an lafa, kada ku yi saurin komawa bakin teku ɗauko abin da aka manta sai hukuma ta buɗe hanya. Ruwa mai gudu inci shida yana kayar da babba, inci 12 yana jan ƙaramar mota. Duk wayar wuta da ke ƙasa ku ɗauka tana da wuta. Mahaɗar da danjarta ta mutu, kowa zai tsaya cak, wanda ya fara isowa ya fara wucewa.

Idan kuma akwai ranar da aka so a yi wa marigayi addu'a ko sadaka a wannan tafiyar, guguwa ba ta soke ta ba. Ki gaya wa Hajiya ranar da za a yi, ki kira gida a dafa a raba a can, ita kuma ta yi tata addu'ar daga ɗakin otal.

Cibiyar lura da guguwa ta ƙasa da ke Mayami tana fitar da cikakken bayani ƙarfe biyar da ƙarfe sha ɗaya, safe da dare, da gajeru a tsakani. Zan sake ɗora wani bidiyon bayan na ƙarfe biyar na yamma. 'Yar'uwa, je ki fara da saƙonnin muryar nan, sannan ki loda mota. Allah ya tsare mu baki ɗaya.